Ƙwayoyin nano masu ƙyalli a jikin ɓera: hasken da ke cikin hoton na mene ne?

Maryam:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Ina shirin aikin bincike na digiri na biyu, kuma batun shi ne gano ƙari a jikin ɓera yana raye ta hanyar yi masa allurar ƙwayoyin nano masu ƙyalli. Takardun da nake karantawa kusan duk hotonsu ɗaya ne: ɓera a kwance, ƙarin da ke cinyarsa ya yi ja wur, sauran jiki shuɗi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan aikin ya kai haka kyau, me ya hana a shiga asibiti da ɗigon kwantam, wanda ɗaya ne daga cikin irin waɗannan ƙwayoyi, alhali tun 1998 aka fara amfani da shi wajen yi wa ƙwayoyin halitta alama? Sannan wane iri za ku ba ni shawarar in fara da shi?

Usman:
Wa'alaikumus salam. Kafin manya su shigo, don Allah a tuna da irinmu da ke koyarwa a sakandare. Mene ne ƙwayar nano, kuma ta yaya abu zai yi haske a cikin jiki har a hango shi daga waje?

Malam Haruna:
Malam Usman, tambayarka a kan hanya take. A raba mita ɗaya gida biliyan ɗaya, a ɗauki kashi guda, shi ne nanomita. Ƙwayar jan jini faɗinta nanomita 7,000 zuwa 8,000 ne, waɗannan da muke magana a kansu kuwa daga nanomita 2 zuwa wajen 100 suke. Ƙyallin da ake nufi shi ne ka haska wa abu haske mai wani launi, ya shanye, ya mayar maka da wani launi daban, galibi mai zango mafi tsawo (zango shi ne tsawon igiyar haske, ana auna shi da nanomita, kuma shi ke bambanta launi da launi). Sai a sa wa kyamara gilashin tacewa da zai tare hasken fitilar, ya bar na ƙwayar kaɗai ya wuce.

Ɗigon kwantam ɗan mitsitsin lu'ulu'u ne, wanda aka fi sani shi ne na kadmiyam da seleniyam. Abin da ke ba ni sha'awa har gobe shi ne girmansa ne ke zaɓa masa launi. Sinadari ɗaya, amma na nanomita 2 ya ba ka shuɗi ko kore, na nanomita 6 ya ba ka ja. Alexei Ekimov ya fara ganin haka a cikin gilashi a Leningrad a 1981, Louis Brus ya gani a cikin ruwan sinadari a ɗakin binciken Bell a 1983, Moungi Bawendi kuma ya fito da hanyar haɗa su masu girma bai ɗaya a jami'ar MIT ta Amurka a 1993. Su ukun aka bai wa kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2023.

Maryam, shawarata ki fara da shi. Rini na yau da kullum idan kin daɗe kina haska shi kodewa yake yi, wani cikin mintuna kaɗan. Ɗigon kwantam yana jure sa'o'i, kuma da fitila ɗaya za ki tayar da launuka da yawa lokaci guda. A 2002 masu bincike a jami'ar Rockefeller sun zuba shi cikin ƙwan kwaɗo da ya fara tsagewa, suka bi zuriyar ƙwayar halittar da aka yi wa allurar har ƙwan ya zama talibambam. Rini da wuya ya yi miki wannan.

Injiniya Kabir:
Malam Haruna, ban musa ba, amma ƙwan kwaɗo daban, ɓera mai fata da gashi da jini daban. Ni a wajena matsalar ba ƙarfin ƙyallin ƙwayar ba ce, jikin da hasken zai ratsa ne.

Malam Usman, ka shiga ɗaki mai duhu ka ɗora tocila a tafin hannunka. Ja kawai za ka ga ya fito ta baya, kuma ba za ka ga ƙashi ba sai wani ja-ja mai hazo. Abu biyu ke nan ka gani da idonka. Na farko, himoglobin na jini ya shanye shuɗi da kore, ya bar ja. Na biyu, wanda ya tsira ma ya warwatse, bai tafi a miƙe ba. Shi ya sa kore mai kyan gani a cikin kwalba ba ya wuce ƙasa da fata da abin kirki. Ana neman zangon da jini bai cika sha ba, ruwa ma bai cika sha ba, wato tsakanin nanomita 650 da 900, bakin infirared wanda ido ba ya gani sosai. Ko a nan ɗin, milimita kaɗan ne ake samun hoto mai kaifi. Daga santimita ɗaya zuwa sama sai dai a ce ga haske can, ba a iya cewa ga siffarsa.

Akwai zango na biyu, daga 1,000 zuwa 1,700, inda warwatsewar ta ragu ƙwarai. Hongjie Dai na jami'ar Stanford da mutanensa suka fara nuna shi a ɓera a 2009 da ƙananan bututun kabon, kuma a 2014 suka ga jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwar ɓera ta cikin fata da ƙoƙon kai ba tare da an fasa ba. Sai dai kyamarar silikon da ke yawancin na'urori makauniya ce idan an haura 1,100. Dole sai mai idon InGaAs, wato haɗin indiyam da galiyam da arsenik, wadda ake sanyaya ta. Don haka Maryam, tun kafin ki zaɓi ƙwaya, je ki duba wace kyamara da waɗanne gilasan tacewa ke cikin na'urar da za ki yi aiki da ita.

Maryam:
Na gode Injiniya. Tamu ta silikon ce, tana kai wa wajen 850. Ke nan zango na biyu ya fita daga lissafina.

Dakta Zulai:
Ƙanwata, ni likitar dabbobi ce, bari in faɗa miki abin da za ki fara gani a ranar farko, don kada hankalinki ya tashi. Hanta za ki gani. Bayanta saifa. Da zarar ƙwayar ta shiga jini, furotin na jini suke lulluɓe ta, daga nan jiki ya daina ganin abin da kika ƙera, sai rigar furotin da ta sa. Ƙwayoyin halitta masu suna Kupffer da ke zaune a hanyoyin jinin hanta aikinsu ke nan, haɗiye baƙon abu. Ana lulluɓe ƙwayar da wani sinadari mai suna PEG don a jinkirta hakan, kuma yana taimakawa, amma jinkiri ne kawai. Har ma an sha gani a dabbobi cewa allura ta biyu ta fi saurin ɓacewa daga jini, saboda jiki ya riga ya haɗa garkuwa a kan PEG ɗin kansa.

Abu na biyu, ɓeran da ba a yi wa allurar komai ba ma yana ƙyalli. Abincin ɓerayen bincike da yawa akwai ciyawar alfalfa a ciki, koren ganyen nan kuma yana mayar da haske a wajen nanomita 680. Sai ki ga ciki da hanji sun kama kamar an kunna wuta, ki ɗauka ƙwayoyinki ne. A sauya musu abinci marar alfalfa aƙalla mako guda kafin hoto. Gashi ma yana tare haske yana kuma warwatsa shi, baƙar fata tana shanye shi. Idan baƙaƙen ɓeraye ne aka cire musu gashi, wani lokaci fatar kan fito da tabo-tabo masu duhu, kuma kowane tabo zai rage miki haske a daidai wurin.

Kuma ki ɗauki hoton kowane ɓera kafin allura. Wannan ba na sassauta wa kowa a kansa.

Usman:
To idan hanta ce ke kwashe su, yaya aka yi ƙarin yake yin ja a hotunan da Maryam ta ambata?

Farfesa Rabi:
Malam Usman, ka taɓo inda ke mini ciwo. Jan nan da shuɗin nan ba launin gaske ba ne. Kyamara baƙi da fari take gani, kwamfuta ce ke shafa launi, kuma mai hoton ne ke zaɓar daga wane adadi ja zai fara. Sannan ƙarin da aka dasa a ƙarƙashin fata yana dab da kyamara, hanta kuwa tana ciki, cike da jini mai shan haske, wani lokaci ma ɓeran an kwantar da shi ta yadda hantar na ƙasa. Ƙwaya kaɗan a saman jiki tana iya fin ƙwaya mai yawa a zurfi haske. Ba sai mutum ya yi niyyar ha'inci ba, hoton da kansa yana iya ruɗar mai shi.

A 2016 Warren Chan na jami'ar Toronto da abokan aikinsa suka tattara binciken shekara goma, suka duba nawa ne daga abin da aka yi allura yake isa ƙari. Matsakaicin adadin da suka samu shi ne kashi 0.7 cikin 100. Chan ɗin nan fa shi ne ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta takardar ɗigon kwantam ta 1998, shekarar da Maryam ta ambata, tare da Shuming Nie. Ba maƙiyin fannin ba ne.

Malam Haruna:
Ranki ya daɗe, wannan 0.7 ɗin an yi ta yawo da shi har ya zama sanda. A yi masa adalci. Lissafin an yi shi ne da tunanin kai magani, inda yawan abin da ya isa ke da muhimmanci. Mai ɗaukar hoto ba yawa yake nema ba, bambanci yake nema tsakanin ƙari da naman da ke kewaye da shi. Idan ƙarin ya ninka maƙwabcinsa sau biyar a haske, an gan shi, ko da kashi 99 na can hanta. Kuma ƙarin ɓera ɗan ƙarami ne a kan nauyin jikinsa, ba a sa ran ya kwashi rabin allura. Su kansu mutanen Chan a 2020 sun nuna cewa idan adadin ƙwayoyin da aka zuba wa ɓera ya haura tiriliyan ɗaya, hanta takan cika ta gaza kamawa, abin da ke isa ƙari ya hau har wajen kashi 12.

Farfesa Rabi:
Na yarda da batun bambanci, Malam. Amma kashi 99 ɗin nan ba ɓacewa suka yi ba, suna cikin dabbar. Idan kuma kadmiyam ne, to dole mu tsaya a nan.

Dakta Aminu:
Nan nake jira a zo. Ni mai aikin tiyata ne, kuma amsar tambayar Maryam ta farko a wajena gajera ce: ba wanda zai sa hannu a zuba wa mutum kadmiyam don a ɗauki hoto. Ƙarfe ne mai taruwa a ƙoda, yana ɗaukar shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita daga jikin mutum, yana cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar kansa, kuma shi ya haddasa cutar itai-itai a yankin Toyama na Japan, inda ƙashin mutane ya yi laushi ƙodarsu ta lalace.

Mu kuma muna da ICG a hannu, rini ne da Amurka ta amince da shi tun ƙarshen shekarun 1950. Yana ƙyalli a wajen nanomita 800, hanta tana cire rabinsa daga jini cikin minti uku zuwa huɗu, ya fita ta ruwan matsarmama. Da shi ake duba ko jini na isa hanjin da aka ɗinke, da shi ake neman kaluluwar farko da cutar kansa ke bi idan za ta yaɗu. Akwai wani magani, 5-ALA, da ake bai wa mai ƙarin ƙwaƙwalwa ya sha, ƙarin ya yi ja-ja a ƙarƙashin shuɗin haske yayin tiyata, Turai ta amince da shi a 2007, Amurka a 2017. Ba ɗaya daga cikinsu da yake ƙwayar nano. Don haka ni tambayata ga Malam Haruna ita ce, wane aiki ne ɗigonka zai yi mini wanda waɗannan suka gaza?

Malam Haruna:
Likita, bari in fara da gubar. Ba tsirara ake zuba kadmiyam ba. Ana rufe shi da ɓawon zinki da salfa, a ƙara wani lulluɓi a sama. A 2012 Paras Prasad na jami'ar Buffalo da abokan aikinsa a Sin sun yi wa birai allurarsa, suka bi su kwana 90, gwajin jini da na hanta da ƙoda bai nuna illa ba.

Batun aiki kuma, ICG ɗinka ƙarami ne, yana wuce kaluluwar farko ya malala zuwa na gaba, kuma ba ya daɗewa. A 2004 Bawendi da John Frangioni sun yi wa alade allurar ɗigon kwantam mai ƙyallin infirared a fata, likita yana kallon allo ya ga hanyar da ya bi har kaluluwar da ke zurfin santimita ɗaya, kuma saboda girmansa a nan ya tsaya. Wannan fa dabba ce babba, ba ɓera ba.

Dakta Zulai:
Malam Haruna, a ƙarasa labarin birai. Takardar nan dai ita ce ta ce bayan kwana 90 ɗin, mafi yawan kadmiyam ɗin yana nan zaune a hanta da saifa da ƙoda. Ba su yi ciwo ba, amma bai fita ba. Akwai kuma aikin da aka yi a jami'ar Carnegie Mellon aka buga a 2009, inda aka samu ɗigon yana ƙyalli a jikin ɓera shekara biyu bayan allura, sai dai launinsa ya karkata zuwa shuɗi. Kai da bakinka ka ce mana ƙarami shi ne mai shuɗi. Ke nan lu'ulu'un yana zaizayewa a hankali, abin da ya zaizaye kuma cikin jiki ya tafi. Ɓera shekara biyu zuwa uku yake rayuwa. Yarinya 'yar shekara goma da za a yi wa wannan allura tana da shekara sittin ko fiye a gabanta.

Malam Haruna:
Hujja ce mai ƙarfi, Dakta, ba zan kauce mata ba. Amma hukuncin na kadmiyam ne, ba na fannin gaba ɗaya ba. Yanzu akwai ɗigon indiyam da fosfaras, akwai na azurfa da salfa mai ƙyalli a wajen 1,200, akwai ɗigon kabon, akwai 'yan dunƙulen zinariya masu atam kaɗan da ke fita ta fitsari. Kuma a bar batun asibiti tukuna. Maryam ɓera za ta yi wa aiki don ta fahimci wani abu. A matsayin kayan bincike, ɗigon kwantam ya riga ya biya kuɗinsa. Shi ne ma ya koya mana iyakar ƙoda.

Maryam:
Wace iyaka ce wannan, Malam?

Farfesa Rabi:
Bari in amsa, don a nan ni da Malam Haruna bakinmu ɗaya. A 2007 Hak Soo Choi da Frangioni sun haɗa ɗigo masu girma daban-daban, kowanne da launinsa, suka yi wa ɓeraye allura. Waɗanda girmansu a cikin ruwa, har da lulluɓinsu, bai kai nanomita 5.5 ba, ƙoda ta tace su suka fita ta fitsari. Waɗanda suka fi haka suka maƙale a hanta da saifa. Sun kuma ga cewa cajin da ke saman ƙwayar yana da tasiri, domin mai caji sosai yana jawo furotin ya kumbura ya wuce iyakar.

To ga inda gizo ke saƙar. Idan kin yi ta ƙarama, za ta fita da wuri, amma ba ta daɗe a jini ba balle ta taru a ƙari, kuma ba wurin da za ki maƙala mata abubuwa da yawa. Ƙwayar furotin ta garkuwar jiki guda ɗaya da ake maƙalawa don ta nemo ƙari ta kai nanomita 10, ita kaɗai ta tsallake iyakar. Idan kin yi ta babba, za ta daɗe tana zagaye, ta fi taruwa, amma ta zauna a hanta. Duk mai ƙera irin waɗannan ƙwayoyi a tsakanin nan yake ciniki.

Dakta Aminu, akwai wadda ta kai ga mutum. Ulrich Wiesner na jami'ar Cornell ya ƙera ƙwayar silika mai nanomita 6 zuwa 7 da rini a kulle a cikinta, ba ƙarfe mai guba. Tare da Michelle Bradbury ta asibitin Memorial Sloan Kettering aka gwada ta a majinyata biyar masu kansar fata ta melanoma, aka buga sakamakon a 2014, kuma ta fita ta ƙoda. Amma a lura, don su bi ta a jikin mutum gaba ɗaya sai da suka maƙala mata ayodin mai tururin nukiliya suka yi hoton PET, wanda ke kama wannan tururi daga cikin jiki. Ƙyallin bai isa ya ratso jikin mutum ba.

Dakta Aminu:
Madalla. Wannan shi ne abin da nake so ɗalibai su riƙe. Kaurin ɓera bai fi santimita biyu ba, shi ya sa komai nasa ke kusa da fata. Mutum ba haka yake ba. Ƙyalli ba zai maye gurbin MRI ko PET ba. Wurinsa shi ne inda aka riga aka buɗe jiki, ko aka zura kyamara ta hanji ko ta mafitsara, ana neman gefen ƙari ko ɗan ragowar da ido bai gani ba. A nan kam ina maraba da duk abin da ya fi ICG iya bambance ƙari da lafiyayyen nama, ƙwayar nano ce ko ba ita ba, in dai za ta fita daga jikin majinyacina.

Injiniya Kabir:
Likita, wani abu zai faranta maka. A 2018 an nuna cewa ICG ɗin kansa yana da ɗan ragowar ƙyalli da ke haura 1,000, wanda kyamarar InGaAs ke kamawa, kuma a 2020 likitoci a Sin suka ba da rahoton tiyatar kansar hanta da suka yi da shi a wannan zango. Wato wani ɓangare na ribar da aka yi zaton sai da sabuwar ƙwaya, ashe sauya kyamara ke kawo ta.

Amma akwai dabaru biyu da rini ba zai iya ba, kuma dukansu maganin ƙyallin jikin dabbar ne da Dakta Zulai ta yi magana a kai. Ɗaya ita ce ƙwayoyin da ke ɗauke da ƙarafan itabiyam da abiyam ko tuliyam. Su a juye suke aiki: a ba su infirared mai zango 980, su haɗa ƙarfin ɗigon haske biyu ko uku su fitar da mai gajeren zango. Naman jiki ba ya yin haka, don haka bayan hoton baƙi ƙirin yake fitowa. Aibinsu shi ne rowa, sau da yawa abin da suke mayarwa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma ruwa yana shan 980, sai fatar dabba ta yi zafi idan an ƙara ƙarfin leza. Shi ya sa wasu ke ƙara niyodimiyam don a haska da 808. Ta biyu ita ce ƙwayar da ake haskawa tun tana cikin sirinji, ta riƙe hasken tana sakinsa a hankali. Masu bincike a Faris sun nuna ta a 2007, suka bi ta a jikin ɓera fiye da sa'a guda ba tare da kunna wata fitila ba.

Usman:
Allah mai iko. Na taɓa jin an sa wa ɓera irin waɗannan a ido har ya ga abin da ba ya gani. Gaskiya ne? Sannan ina da wata damuwa, ku yi haƙuri. Dabbobin nan ba sa wahala? Ina jin nauyin abin a raina.

Injiniya Kabir:
Gaskiya ne, a 2019 aka buga. Tian Xue a Sin da Gang Han a Amurka suka zuba irin masu juya hasken nan a bayan idon ɓera, suka manne a ƙwayoyin gani, suna mayar da infirared kore. Ɓerayen suka riƙa bambance siffofin da aka zana da infirared har tsawon makonni.

Dakta Zulai:
Malam Usman, kada ka ba da haƙuri, nauyin nan da kake ji ya kamata kowane mai wannan aiki ya ji shi. Akwai wahala, ba zan ɓoye maka ba. Dasa ƙari wahala ce, allura wahala ce. Hoton kansa ba ya ciwo, ana sa dabbar barci da iskar isofuluren, amma ɓera mai barci jikinsa na saurin yin sanyi, dole a ɗora shi a kan faranti mai ɗumi, a shafa masa man ido don kada idon ya bushe. Akwai iyakar girman da ake barin ƙari ya kai, kuma ba a fara komai sai kwamitin kula da haƙƙin dabbobi ya amince.

Tun 1959 Russell da Burch suka shimfiɗa ƙa'idoji uku: a maye gurbin dabba da wani abu idan zai yiwu, a rage yawansu, a sauƙaƙa musu. Babbar hujjar hoton ƙyalli a wajena ita ce ta biyun. A da, idan kana son sanin inda abu yake bayan sa'a 1, da 4, da 24, da 72, kowane lokaci sai an kashe rukuni guda an buɗe. Yanzu rukuni ɗaya za a bi daga farko zuwa ƙarshe. Amma wannan ribar tana tabbata ne idan an tsara aikin da kyau. Gwajin da aka yi ba rukunin kwatanci, aka zo aka maimaita, an salwantar da rayukan farko a banza. Shi ya sa nake tsananta wa ɗalibai.

Maryam:
Anti Zulai, na ji. Ga abin da nake tunani yanzu. Tunda kyamararmu ta tsaya a 850, kuma ina son abin da zai fita daga jiki, zan karkata ga ƙwayar silika ko ta polima mai rinin infirared a ciki. Zan maƙala mata ɗan guntun furotin da ke neman ƙari, in kwatanta da wadda ba a maƙala wa komai ba. Malam Haruna, ka yi haƙuri ban ɗauki ɗigonka ba.

Malam Haruna:
Ba komai 'yata, zaɓinki yana da hujja. Amma tunda kin zaɓi rini, ki san abin da kika saya. Ɗigon kwantam shi kansa ne ke ƙyalli, inda kika ga haske yana wurin. Rinin da aka cusa cikin polima yana iya zamewa ya fita a cikin jini, ya hau kan furotin ko kitse ya yi tafiyarsa. Sai ki yi wata shida kina bin rini kina cewa ƙwaya kike bi. Ki ɗaure shi da haɗin sinadari na gaske, kada ki bar shi a jiƙe kawai. Ki zuba ƙwayar cikin ruwan jini a kwalba a zafin digiri 37, ki duba nawa ya fita bayan kwana ɗaya. Kuma kada ki cusa rini da yawa, idan suka matsu suna kashe hasken juna, sai ƙwayar ta fashe hasken ya ƙaru, ki ɗauka taruwa ta yi.

Farfesa Rabi:
Ki ƙara rukuni na uku da za a yi wa allurar rinin shi kaɗai. Idan hotonsa ya yi kama da na ƙwayarki, kin san akwai magana. A ƙarshen gwaji ki ciro hanta, saifa, ƙoda, huhu, zuciya da ƙarin, ki jera su ki ɗauka a ma'auni ɗaya, sannan ki auna da wata hanyar da ba ta dogara da haske ba. Masu ɗigon ƙarfe suna narkar da naman a asid su auna ƙarfen da na'urar ICP-MS. Ke kuma ko dai ki tatso rinin daga naman ki auna, ko ki sa wa ƙwayar wata alama ta biyu.

Wani abu kuma, kada ki rubuta cewa ƙwayar ta shiga ƙari saboda jijiyoyinsa na yoyo kamar an gama magana. Bayanin nan na Matsumura da Maeda ne tun 1986, kuma ya fi bayyana a ƙarin ɓera mai saurin girma fiye da na mutane. A 2020 ma an kawo hujjar cewa mafi yawan ƙwayoyin ba ta ɓaraka suke shiga ba, ƙwayoyin bangon jijiyar ne ke ɗaukarsu su tsallakar da su. Har yanzu ana ja-in-ja a kai. Guntun furotin da za ki maƙala kuma, abin da aka fi gani shi ne yana taimaka wa ƙwaya ta shiga cikin ƙwayoyin cutar kansa ta zauna bayan ta iso, ba lallai ya ƙara yawan masu isowa ba. Don haka idan rukunanki biyu suka fito kusan ɗaya a hoton waje, kada ki karaya, yanka ƙarin ki duba a madubin ƙara girma ki ga ina kowacce ta tsaya.

Dakta Aminu:
Ni dai roƙona ɗaya, ki tara fitsari da kashin ɓerayen ki auna. Kowa na nuna mana inda ƙwaya ta shiga, kaɗan ne ke nuna ta ina ta fita da kuma yaushe.

Maryam:
In sha Allahu zan sa shi cikin tsarin. Anti Zulai, allurar ta jijiyar wutsiya ce ko? An ce tana da wuya.

Dakta Zulai:
Ita ce, kuma sai kin koya a hannun wanda ya iya kafin ki taɓa dabbar gwaji. Ki ɗumama wutsiyar jijiyar ta fito, ki yi amfani da siririyar allura, kada ki wuce kimanin mikrolita 200 ga babban ɓera, ki tura a hankali. Idan kin ji turjiya ko kin ga wurin ya yi fari ya kumbura, ba ki cikin jijiya, ki tsaya. Bayan allura ki sa wutsiyar cikin hoton farko. Idan ta yi haske sosai a wurin da kika soka, wani kaso na allurar ya tsaya a nan, dabbar ba ta samu cikakken adadi ba, kuma abin da ya tsaya zai riƙa tsiyaya a hankali ta hanyar kaluluwa ya ɓata miki lissafin lokaci. Ki rubuta tun kafin ki fara cewa irin wannan ɓeran za a cire shi daga lissafi, don kada ki zo kina zaɓe bayan kin ga sakamako. A sauran hotunan ki rufe wutsiyar da baƙar takarda marar ƙyalli. Kuma tunda taki mai fita ta ƙoda kike nema, mafitsara za ta yi haske ƙwarai, fitsarin da ya taɓa ƙafa ko ciki ma haka, saboda haka ki goge dabbar da farantin kafin kowane hoto, kuma kada ki dasa ƙarin kusa da mara.